Jarkar Umma a Bakin Ganga

A unguwar Misfala ta Makka aka haife ni, don haka tun ina ƙarami na ƙoshi da cunkoson masu ziyara. Na san yadda mutum arba'in ke tsayawa cak a tsakiyar titi suna jiran ɗaya da ya tsaya sayen carbi. Allah ya yafe mini, amma da watan aikin Hajji ya kama, haƙurina ba ya kai azahar.

Shekarar da na kai mahaifiyata Indiya a yi mata aikin gwiwa, na ɗauka hutu zan samu. Umma tun da ta zo Hajji ta zauna tana sayar da tuwo a lungunmu, ba ta taɓa fita ƙasar ba sai da takardunta suka gyaru. Sharaɗi ɗaya ta kafa: babu mai sa mata wuƙa sai ta sha zamzam da safiyar ranar. Ta cika 'yar farar jarkarta mai jan murfi, wadda ta yi wa ƙuna biyu a hannu da ƙusa mai zafi, yadda matan gidanmu ke yi don kada jarkoki su cakuɗe. Wahalar da na sha kafin jarkar nan ta shiga jirgi, ni kaɗai na sani.

Ana gobe aikin, direban tasinmu, wani dattijo mai ɗan Turanci, ya ce akwai gari a gindin duwatsu, Haridwar, mai kogi da iska mai sanyi. Bai gaya mini garin ziyarar mabiya addinin Hindu ba ne. Umma ta rungumo jarka. Na ce ta bar ta a otal.

"Don masu shara su juye mini a tukunyar fulawa?" in ji ta.

Muna isa raina ya ɓaci. Ga ayari masu hula iri ɗaya suna bin mai tuta, ga tulin takalma a ƙofar wuraren ibada, ga wanzamai suna ta aske kawuna. Na ƙetare teku don in tarar da abin da na gudo wa. Kowane kanti kuma an rataye fararen jarkoki masu jan murfi, jama'a na saye suna cikawa da ruwan kogin Ganga su kai gida. Umma kuwa sai murna, tana dogara sanda tana cewa, "Ka ga zahma, cunkoso irin na gida."

Da ƙafar ta gaji, ta zauna a matakalar da ke sauka kogi, kusa da wata siririyar tsohuwa mai farin zane. Babu mai jin yaren wata, amma sai ga su suna nuna wa juna gwiwa suna girgiza kai. Ni ina tsaye, an taka ni, an bangaje ni, wani ya ɗiga mini shayi a riga. Na ce, "Yalla Umma, halas, mu tafi." Na fizgi jarkar da ke gefenta, na sa ta gaba.

Mun yi kusan awa a hanya ta shafa hannun jarkar, ta sake shafawa.

"Ya waladi, wannan ba ruwana ba ne."

Na ce zan nemi zamzam a wani masallaci. Ta ce to a ɗaga aikin har in samo. Na san ta, za ta koma Makka da gurguwar ƙafarta ba tare da ta ji komai ba. Direban ya leƙo ta madubi ya ce irin ruwan nan akan kai wa marar lafiya, wani lokaci shi ne abu na ƙarshe da ake ɗiga masa a baki. Da na fassara mata sai ta ce a juya.

"Umma, mutane dubbai ne. Matar nan ta yi gaba tuni."

"Me nake gaya wa alhazai in sun ɓatar da abu? Ka koma inda ka zauna ƙarshe, ka jira."

Na sa aka tsaya, na karɓi jarkar matar don haushi, na wurga ta bayan mota kusa da tayar safaya. Komawar ta ci mana awa biyu, ina ta tsaki har direban ya ƙure rediyo.

Tsohuwar tana nan. A matakalar da muka bar ta, sai dai inuwa ta tashi, rana na dukanta. A bayanta wani magidanci sa'ana yana tsaye yana duba agogo, ya haɗe rai. Ban buƙaci tafinta ba, na san ɗanta ne, na kuma san duk abin da ya faɗa mata cikin awa ukun nan. Jarkar Umma na kan cinyarta, ta lulluɓe ta da gefen zanenta don kada rana ta taɓa ta.

Direban ya yi magana da su, ya ce jirgin ƙasansu ya tafi ya bar su. Mijinta ne kwance a gida. Za ta iya sayen wata jarkar ta cika a nan take, amma ta ce wanda ya zauna ya yi wa jarka alama da wuta zai dawo nemanta.

Umma ta dubi tata, ta dubi wadda ke reto a ɗan yatsana, gefenta duk baƙin taya. Kunya ta rufe ni. Ta karɓa, ta goge ta tas da mayafinta, ta miƙa wa matar da hannu biyu. Da Umma ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Da safe ta fuskanci alƙibla ta yi kurɓi ukun da likita ya yarje mata. Da masu gadon tura marasa lafiya suka zo, ta rufe murfin da kyau ta miƙo mini. Na sunkuya zan ajiye a ƙarƙashin kujera.

"A'a," ta ce. "A cinya."