Biyat

Ɗana da ke zaune a Kalgo ya sauko daga mota a Gwandu, riƙe da hannun jikata kamar ya kamo ɓarauniya. Shekarar da ake layin sabulu da madara ce, zamanin soja. Ko gaisuwa bai ƙarasa ba.

"Inna, ga ta nan. Malaminsu ya ce ba ta san ko baƙi ɗaya ba. Hadda take yi. In hutu ya ƙare ba ta iya ba, ta bar makaranta ke nan."

Tana aji uku, tana tashi ta zuba littafi tun daga farko har ƙarshe, ana tafa mata. Sai sabon malami ya buɗe tsakiya, ya ɗora yatsa kan kalma guda. Ta kasa karanta ta. Ya kira ta daƙiƙiya a gaban yara, ya ce tatsuniyar tsohuwa ce ta cika mata kai.

Tsohuwar ni ce. Ni wadda matan unguwa ke barin daka su zo saurarena! Yarinyar da ta ji littafi a bakin wasu ta haɗiye shi duka, ita ce daƙiƙiya? Ina malaman suke shekara biyu tana rera musu waƙa suna gyaɗa kai? Shi kuma uban, ya taɓa zama kusa da ita ya ga inda idonta ke kallo?

Na ce, "Bar min ita. Kama hanya kada mota ta bar ka."

Da ya tafi na buɗe littafin. Ban san samansa da ƙasansa ba sai da hoton akuya ya nuna mini. Amma kunne gare ni. Ta fara, murya na tashi tana sauka: "Yara biyat sun zamna bisa tabarma." Da bakina sak, idonta na kan kaji.

"Ke, ɗiyar ga, ni za ki yi wa tatsuniya? Ni na koya miki ita!"

Na zaro tsinken tsintsiya. Kullum bayan la'asar in ɗora shi inda na ga dama, daga ƙasa, daga tsakiya, in rufe hoton da faifai. Matar maƙwabcinmu ta yi firamare kafin aure. Ita ke faɗa wa jikata sunan baƙi ta kan katanga tana tankaɗe. Nawa aikin shi ne in ce, "Nemo min ɗan'uwan wanga mai ƙugiya." Yarinyar ta yi kuka, ta ce ni ma ai ban iya ba. Na ce gaskiya ne, amma ba ni aka ce wa daƙiƙiya ba. In na ji muryar waƙa ta taso sai in ɗage tsinke in koma wani wuri. Na hana ta tatsuniya har sai ta ba ni kalmomi. Wannan ya fi ƙona mini rai fiye da ita.

Saura kaɗan hutu ya ƙare, tsinke ya faɗa kan wata kalma. Ta daɗe tana kallonta.

"Bi… yar. Biyar." Ta ɗago kai. "Kaka, mi na biyar?"

Matar maƙwabci ta ƙyalƙyale da dariya. "Biyat ce, da bakin Kanawa!"

Nan na san ta karanta. Ba a gidana ta ji wannan kalma ba, daga takarda ta ɗauko ta. Na yi guɗa, sannan haushi ya turnuƙe ni. Ashe alamar jikata ta iya karatu ita ce ta daina magana irin tawa.

Uban ya zo, ta yi masa shafi guda tana tuntuɓe, "zauna", "biyar", ya washe baki kamar shi ya sha wahalar. Ba a cire ta ba.

Ita ce ke rubuta wannan yanzu, na kuma san tana gyara mini baki tana mai da shi na rediyo. Ta yi. Amma kalmar da ke can sama, na ce ta bar ta yadda na faɗa.