Kwana Ukun Da Na Hana A Binne Ɗan Garinmu

Lokacin da abin nan ya faru ina da shagon atamfa da shadda a Tamanrasset, shekarata huɗu ina shugabancin 'yan Damagaram mazauna unguwarmu. Ba sarauta ba ce, babu albashi. Jama'a ne suka taru bayan sallar Juma'a suka ce ni zan riƙa tsaya musu, saboda ina jin Larabci kuma ba na tsoron shiga buro, wato ofishin hukuma. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi ranar, har sabuwar hula na saya. Ban san wanda aka sa a gaba shi ake fara kira in an tsinci gawa ba.

Wata safiya jandarma suka kira ni gidan likita. An kawo wani ɗan garinmu daga Hirafok inda yake aikin garka, wato noman lambu, rijiya ta rufta da shi. Aikina kawai in duba fuska, in ce shi ne, in sa hannu, a ba mu shi mu yi masa sutura kafin azahar. Na duba, na gane shi sarai. Amma katin shaidar da aka samu a aljihunsa ba nasa ba ne, na wani tela ne mai rai da lafiya, wanda shagonsa ke bayan nawa. Duk wanda ya zauna nan ya san ana yin haka: sabon zuwa marar takarda ya ari katin wanda suke kama, ya tafi aikin ƙauye da shi. In na sa hannu, an binne mutum da sunan wani, matarsa a gida ba za ta taɓa samun takardar rasuwarsa ba. In na faɗi gaskiya nan take, kafin la'asar telan yana hannu, ga mata da 'ya'ya uku ƙanana. Sai na ce fuskar ta kumbura, a ba ni lokaci in tabbatar.

Na zaunar da telan da yayansa, wanda ashe shi ya haɗa aron katin. Telan ya fashe da kuka, ya roƙe ni kwana uku ya samu motar Agadas ya kwashe iyalinsa. Yayan ya kama hannuna ya haɗa ni da Allah kada maganar ta fita, domin a unguwarmu in mutum uku suka ji, gari ya ji. Na amince. Kwana uku gawar musulmi tana ɗakin sanyi, ni kuwa ina yawo cikin jama'a da bakina a rufe. Me ba a ce ba? Aka ce girma ya hau mini kai. Aka ce na fi son shan shayi da masu kaki a kan hidimar 'yan'uwa. Wani dattijo da nake gaisarwa a durƙushe ya ƙi karɓar hannuna a ƙofar masallaci, ya ce da ɗana ne a kwance ai ba zan bari ya kwana ba. Wallahi maganar ta soke ni. Yayan telan yana tsaye a wurin yana jan carbi, ko kai bai ɗaga ba.

Rana ta huɗu, da na ji motar ta wuce iyaka, na koma buro na faɗi sunan mamacin na gaskiya, da na ubansa, da ƙauyensu. Na sha tambayoyi har yamma, ban ambaci yayan ba. Washegari muka binne shi. Juma'ar da ta biyo aka taru aka ce mai son a sauke ni ya ɗaga hannu. Na bi hannuwan da kallo ɗaya bayan ɗaya, har na ga na yayan a cikinsu. Da na buɗe baki a wurin da na wanke kaina, shi kuma ya kwana a hannun hukuma. Aka sauke ni, na ɗauki takalmina na fita.

Bayan wata biyu matar mamacin ta kira ni a waya, ta ce takardar ta iso da sunan mijinta, ta ajiye wa 'ya'yansa. Ita kaɗai ta yi mini godiya, kuma ta ishe ni.

Kwana ukun nan ina neman gafarar Allah a kansu har yau, domin haƙƙin mamaci ne na jinkirta. Amma ku da kuka ɗaga hannu, ban nemi gafararku ba, ba zan nema ba, kuma in aka mayar da ni safiyar nan abin da na yi shi zan sake yi. Mai son shugabanci ya sani akwai ranar da zai riƙe amanar wanda zai taya a zage shi. Ku kuma mabiya, kafin ku ce shugabanku ya yi shiru don rashin imani, ku bincika ko asirin ɗayanku yake rufewa. Yayan telan kullum sai ya wuce ta ƙofar shagona. Ni nake fara gaishe shi, da ƙarfi, sai ya amsa. Ko a wannan wasiƙa da nake rubuta muku ban faɗi sunansa ba.