Wanne Ne Tesfai?

A ba da hanya, jama'a, ga Ermelinda Cacciotti, sarauniyar soso da bokiti, wadda ta sha mayar da rabin mazan unguwar Quadraro 'yan Afirka tun kafin a karya kumallo! Kakata ce, ina da lasisin tsokanarta.

Shekara ashirin da biyu ta yi tana wa 'yan cika taro kwalliya a wani kamfanin fim na Roma. Toshiyar kwalba take ƙonawa, ta daka, ta kwaɓa da man zaitun da garin koko. Mahauta da direbobi su ja layi, ta mulke kowa, ta zana masa jan leɓe har kunne, a miƙa masa mashi a ce ya zare ido ya yi ta ihu.

Wata safiya a 1961 ta ɗaga soso, sai ta ga na gabanta baƙar fata ne na ainihi. Tesfai sunansa, tela ne mutumin Asmara, Italiyancinsa ma ya fi nata gyaruwa. Ta ce wa darakta wannan ba ya buƙatar komai. Darakta ya ce fatarsa ta yi haske, za ta ɓata layin, a shafe shi daga bokitin kowa. Ta shafe shi. Ya rufe ido har ta gama, sannan ya yi mata godiya.

Makon jiya 'yarsa Mihret ta ƙwanƙwasa mana ƙofa, riƙe da kaset ɗin wani tsohon fim. Tana goye uban ya rasu, ko hotonsa guda babu, abin da uwarta ta bar mata kawai shi ne yana cikin wannan fim ɗin. Wata uku ta yi tana cigiyar mai kwalliyar.

"Nuna mini shi kawai, Sinyora," in ji ta.

Kaka ta maƙala tabarau, aka kunna kaset, aka tsayar da hoton. Mutum arba'in, launi ɗaya, leɓe ɗaya. Ta gane mahauci da tumbinsa, ta gane kakana da gwamammun ƙafafunsa. Shi kuwa Tesfai sau ɗaya ta taɓa ganinsa, fuskar kuma da hannunta ta rufe ta. Ta ce wa Mihret ta dawo ranar Lahadi.

Tun daga ranar sau biyu taliya ta kama mata a tukunya. Tana zaune gaban talabijin, ta kai fim ɗin gaba ta dawo da shi baya, har na'urar ta fara taunar kaset.

Jiya Asabar na ce, "Tsohuwa, ga wani dogo can a baya, ki nuna shi mana ki huta. Ta samu uba, ke ki samu barci. Wa zai tona?"

Ko juyowa ba ta yi ba.

"Haka daraktan ya ce, wa zai lura. Matsa, ka tare mini hoto."