Lambun Sista Bayan Ruwan Ƙanƙara

Har bayan ta yi ritaya babu wanda ya daina kiran ta Sista. Duk shekarunta na aiki a ɗakin haihuwa ta yi su, rabin samarin layinsu ma a hannunta suka yi kukan farko. Mace ce gajera mai saurin tafiya, ga faɗa kamar me, amma in ta gama wanke ka tas sai ta tambaye ka ko ka ci abinci. Mijinta tsohon direban babbar mota ne, dogo, mai sanyin hali, wanda tun da ya ajiye tuƙi ya kama kujerar tsakar gida bai sake ta ba. 'Ya'ya duk sun yi aure sun watse, gida ya rage daga ita sai shi.

Da ta ajiye farar riga sai ta rasa abin da za ta yi da hannuwanta. Akwai ɗan fili a bayan gidan, ta sa masa fartanya. A hankali ya zama lambu: tumatir da barkono a gaba, alayyafo da albasa ta wajen famfo, gwanda a jikin katanga, sai bishiyar lemun tsami a tsakiya, wadda ta rena tun tana ɗan tsiro a gwangwanin madara. Maigidan bai taɓa ɗaga bokiti ya yi ban ruwa ba. Nasa aikin shi ne ya leƙo ta taga ya ce, "Sista, yau wa ya haihu, tumatir ko barkono?"

"In an dafa ai kai ke fara miƙo faranti," in ji ta.

Wata rana da la'asar abin ya faru. Hadari ya haɗo baƙi ƙirin, iska ta taso tana kaɗa ƙofofi, sai ga ƙanƙara manya-manya kamar ƙwan kaza. Rufin ya ɗauki ƙara har ba ka jin maganar na kusa da kai. Da aka ɗauke ruwan, Sista ta zura takalmi ta zagaya baya.

Gwandar duk ta kwanta. Alayyafo kamar an kirɓa shi a turmi. Kwanon rufin wani gida ya taso ya faɗa kan tumatir ya datse su. Kwatar layi ta cika ta tumbatsa, ta biyo ta ƙarƙashin katanga ta shimfiɗa baƙar laka da ledoji ko'ina. Lemun kuwa ya tsage daga inda rassa suka rabu, ɓari ɗaya a tsaye, ɗaya a ƙasa.

"Alhamdu lillahi da ba rai ba ne," ta ce, ta juya ta shige ɗaki.

Kwanaki suka wuce ba ta sake leƙa wurin ba. Ba faɗa, ba kiran kowa da ƙarfi, gidan ya yi tsit. Babbar 'yarsu ta bugo waya ta ce, "Umma, ki bari a malala siminti a wurin ki huta, dama bayanki yana damun ki." Sista ta ce, "To." Wannan "to" ɗin ita ta tayar wa maigidan da hankali, don tun da ya aure ta bai taɓa jin ta amince da magana a karon farko ba.

Washegari da safe tana ninke kaya ta ji sara a bayan gida. Ta ɗaga labule. Ga shi nan ya naɗe ƙafar wando, ya tuttuge barkono ya tara a baro, yanzu kuma ya ɗora zarto a gindin lemun.

"Malam! Me kake yi haka?"

"Share miki nake yi. Ai duk sun mutu."

Ba ta san lokacin da ta iso wurin ba. Ta zaro barkono ɗaya daga baron, ta kankare jikinsa da farce, sai ga kore shar. "Wannan ne ya mutu? Ganye kawai ya zubar!"

"Ni injin mota na sani, Sista. In ya buga, ya buga."

"Ajiye zarton nan tun kafin ka yi kisan kai."

Ya ajiye, yana ɓoye murmushi a gemu. Har yau ba ta sani ba ko da gangan ya yi. In ta tambaye shi sai ya ce shi dai shara ya fita yi.

Laka suka fara kwashewa. Tunda ruwan kwata ne ya kawo ta, Sista ta ce duk ganyen da ya taɓa ba mai ci, aka tuge alayyafo da albasa aka zubar, aka kankare saman ƙasar. Ta sa shi dole ya sa safar hannu da takalmin roba, yana gunaguni wai an mai da shi leburan asibiti. Barkonon da ya tuge suka mayar, ta datse karyayyun rassa da wuƙa mai kaifi.

Lemun ne ya ba su wuya, don ɓarin da ya faɗi ya fi ƙarfinsu. Maigidan ya tsaya ya dube shi, ya shiga ɗakin ajiya ya fito da tsohon jak ɗinsa na mota. Ya kafa katako, ya dinga ɗagawa a hankali, ita tana cewa, "Ƙara kaɗan. Tsaya! Wai kai ba ka da hankali ne?" har tsagin ya haɗe. Ta wanke wurin, ta naɗe shi tam da robar taya kamar mai ɗori, shi kuma ya tokare reshen da sanda mai baki biyu. Da yamma ya baje a tabarma yana nishi, tana shafa masa man zafi a ƙugu tana cewa wanda ya yi shekaru yana zaune dole jiki ya tuhume shi.

Daga nan ya daina jiran a sa shi. Ya haƙa magudana a bin katanga, ya toshe ramin da ruwa ya shigo ta ciki da bulo. Ya je wurin abokinsa mai faci ya kwaso tsofaffin tayoyi, suka cika su da sabuwar ƙasa da taki don shuka ta ɗaga daga ƙasa. Maƙwabciyarsu tela ta kawo 'yan dashen gwanda da suka fito mata a bayan kicin.

Ba duka aka samu ba. Ɓarin lemun da suka ɗora ya riƙe ganyensa na ɗan lokaci, daga baya ya bushe, dole Sista ta miƙa wa maigidan zarto da hannunta. Amma ɓarin da ya rage ya yi toho, ƙananan ganye masu sheƙi, barkono kuma ya dawo kamar ba shi ba. Da aka sake yin ruwa mai ƙarfi, su biyun suka tsaya a taga suna kallon yadda yake bin magudana yana ficewa, maigidan sai gyaran murya yake yi don a yaba masa.

Yanzu yana da tayarsa guda da ba ta da iko a kai. Kabewa ya shuka a ciki, ta yi yaɗo ta haye kan sabuwar albasarta. Kullum da safe sai ta ce, "Malam, ka janye abin nan naka ko in sa masa almakashi."

"Haba Sista," yakan ce, yana tsugune da bokiti, "fure fa ta fara. Ki ba ta mako ɗaya."