Takardar Ƙosan Kaka

Jiya da safe na sayi ƙosai a bakin tashar Gusau, mai tuyar ta naɗe mini a guntun jarida. Kafin in kai loma baki sai da na warware takardar na duba ciki da baya, ko akwai fuskar wani. Tallan sabulu ne kawai. Sai a lokacin na ci, na wuce ofis. Bari in gaya muku dalili, tunda 'yan gidanmu ban taɓa iya gaya musu ba.

Ina aji biyar na firamare a Bungudu aka harbe shugaban ƙasa a Legas. A makon nan rediyon Baba ya koya mana sababbin kalmomi. Da can mun san ɗan tawaye, tun lokacin yaƙi, mun san munafuki. Sai ga masu zagon ƙasa, ga maciya amanar ƙasa. Malaminmu ya rubuta ta ƙarshen a allo, ya ja mata layi biyu, ya ce hukuncinta harbi ne. Wallahi kalmar ta yi mini daɗi a baki. Tana da nauyi, irin maganar manya.

Kaka, mahaifiyar Baba, ƙosai take soyawa a ƙofar gida, bakin hanyar Sakkwato. Baba direban babbar mota ne tsakanin Gusau da Tsafe, shi ke kawo mata tsofaffin jaridu. Ba ta yi boko ba. Abu ɗaya take dubawa, kada takarda ta zo da rubutun Arabiyya. Irin wannan takan ɗaga ta soke a rufin ɗaki. Sauran duk na ƙosai ne.

Wata safiya, zafi ya fara shigowa, mangwaro ya yi fure, na tsuguna ina yaga mata takardu. Ta zuba wa wani mutum ƙosai a kan hoton marigayi shugaban ƙasar, mai ya ratsa fuskar har hular sojan. Na yi dariya, na ɗaga murya don a ji na iya: "Kaka, kin ci amanar ƙasa!" Ita tana kan kasko, mai na ƙara, ba ta ji ba. Amma masu saye na tsaye. Har yau ina jera fuskokinsu a raina, ina neman wanda ya juyo.

Kwana biyu sai ga dogari, mai gari na kiran Baba da Kaka. Baba ya ce sun tarar da ɗan sanda a zauren, ga takardar a shimfiɗe. Kaka ta ce, "Ranka shi daɗe, amana na san ta. A ba ka akuya ka sayar, a ba ka asiri ka tona. Ni mi aka ba ni na ci? Wagga takarda ko sunan mai ita ban sani ba." Aka ja musu kunne, aka sallame su.

Kalmar ce ba ta sallame mu ba. Masu saye suka janye. A tasha 'yan kamasho suka riƙa tsallake motar Baba a layi, suna kiransa ɗan maciya amana, wai wasa suke. Gidanmu ya cika da zargi. Inna takan yi shiru in an yi sallama, sai ta gane muryar. Kaka kuwa ta tsaya a kan maƙwabciyarmu mai waina.

"Ita ce. Wa ke son kaskona shi mutu in ba ita ba?"

Akwai wata kafa a dangar da ke tsakaninmu, inda suke miƙa wa juna garwashi kowace asuba tun kafin a haife ni. Kaka ta sa Baba ya toshe ta da ƙaya. Matar ta zagayo ta ƙofa tana kuka, ta ce a kawo Alƙur'ani ta dafa. Kaka ta ce mata munafuka. Ina bayan rumbu, ina ji, na cusa bakin zane a bakina.

Kaka ta rasu ina aji uku a sakandare, ba su shirya ba. Maƙwabciyar ta koma Karakkai wurin ɗanta.

Yanzu kalmomin nan sun yi arha. 'Yan siyasa na jifan juna da su ta lasifika, a ofis ma har masinja yakan faɗa wa wanda ya makara. Ni dai in na ji, ba wanda aka kira nake kallo ba. Waɗanda ke tsaye a gefe nake ƙirgawa.

Sau uku ina shiga motar Karakkai, sau uku ina sauka kafin ta cika. An ce idon tsohuwar ya fara tafiya. Ba ita nake tsoro ba, na san za ta yafe. Baba nake tsoro. Shi ya saro ƙayar nan da hannunsa, kuma har gobe in baƙi sun zo yakan nuna ni ya ce, "Wagga ɗiya tawa ba ta taɓa ɓoye mani komi ba."