Ranar da Mama ta wanke mini furojet

Ko zan manta komai na shekarata ta ƙarshe a jami'a, ban da ranar da Mama ta wanke mini furojet. Wanki fa na gaske, da ruwa a roba.

Noma na karanta. Furojet ɗina a kan wasu ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani, masu zama a saiwar waken suya suna haɗa masa taki daga iska. Malamina ya ba ni garinsu baƙi ƙirin a 'yar leda, ya ce ita ce ta ƙarshe, in ta lalace sai baɗi, ke nan babu gama makaranta bana. Na cakuɗa garin da irina a gidanmu na Dutsen Kura, na ajiye a inuwa, na ɗauki hoto na watsa wa 'yan ajinmu, na haye keke sai unguwar Tunga. Mutanen gida kuwa ko uffan ban ce musu ba. Kai, yarinta!

Mama sana'arta awara. Ina dawowa na tarar da wakena fes, an baje shi cikin rana.

"'Yar nan, ina kika samo wake mai datti haka? Sau uku ina sauya ruwa."

Na zauna daɓas a ƙasa. "Mama, kin kashe su! Masu rai ne!"

"Su wa?"

Ina shessheƙa ina bayani. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Au, masu sa saiwa ƙuraje?"

Washegari ba ta soya awara ba. Ta shiga motar Kagara, ita da ke fama da gwiwa. Da la'asar sai ga ta da rabin buhun ƙasa daga gonar yayanta, zaninta duk ja.

"Kakanki in zai shuka waken suya a sabuwar gona, ƙasar tsohuwa yake ɗebowa ya watsa. Wai ita ta san waken. Duba mini, ko masu ran naki suna ciki."

Na kai wa Malam ina jiran faɗa. Ya damƙi ƙasar ya murza, ya yi dariya. "Sauya taken furojet ɗinki, wannan za ki gwada. Ki gaida Mama."

Na shuka waken da ƙasar Mama a gonar makaranta. Bayan sati shida na tuge tushe ɗaya. Ƙuraje reras! Na fasa guda da farce, cikinsa ja-ja, alamar suna raye suna aiki. Ihun da na yi, wallahi sai da maigadi ya leƙo. Na ruga gida da shi. Mama ta karɓa da hannu biyu, ta kawo shi kusa da fuska, ta ce a hankali, "Sannunku da aiki."

Na gama makaranta a shekarar. Da ina ganin karatuna ya fi ƙarfin Mama, shi ya sa ba na ba ta labari. Tun ranar na gane ba ta kasa ganewa ba, ni ce ban taɓa zama na faɗa mata ba.