Fitilar da Manzo Ya Bari

Duk wanda ya sha ruwan rijiya tsakanin Maijirgi da Hawandawaki, to ya sha gumin Jatau ko bai sani ba. Shekara arba'in yana yasar rijiya. Kirista ne, kuma gida huɗu ne kacal na masu bi a ƙauyensu. Ba su da fasto, sai ɗan ɗakin addu'a na laka, kuma da yake Jatau ya taɓa lakwal, wato makarantar boko, har aji huɗu, shi ke yi musu karatu ran Lahadi. Yau wata bakwai ke nan bai yi karatun ba. Wata bakwai kuma matarsa Mairo ba ta ce masa ko sannu ba, sai dai ta aje tuwo ta juya. Igiya ce ta shiga tsakaninsu.

Jatau na da doka guda a sana'arsa, ya kuma maimaita ta har mutane suka gaji da ji. Rijiyar da ta daɗe a rufe, ba a shigarta sai an zura fitilar ƙwai a kunne. In ta kai ƙasa tana ci, bismilla. In ta mutu a hanya, iskar ciki ta lalace, wanda ya sauka ba zai hawo da ƙafarsa ba. Ko da duniya ta koma tocila da hasken salula, shi yana nan da tsohuwar fitilarsa rataye a bangon zaure, kullum da kananzir a ciki.

Abokin gardamarsa Malam Lamine ne, mai ɗinkin hula, maƙwabcinsa tun suna yara. Kai, waɗannan biyu! In suka zauna gindin itacen bedi, sai Lamine ya soma tsokana: "Jatau, kun ce Allah ya san Adamu zai ci ɗan itacen nan tun bai halicce shi ba. To, don me ya dasa shi tsakiyar gona?"

"Sani daban, turawa daban, Malam," in ji Jatau. "Allah ba jaki ya so ba, da za a ɗaure a turke. Ɗa ya so. Ɗa kuwa sai ka sake shi, in ya bi ka, ka san don kansa ya bi."

"Bakinka ya fi hannunka aiki," Lamine ya kan ce, su yi dariya, a raba goro.

Amsar tana da daɗin faɗi a lokacin, don ba ta ci masa komai ba tukuna.

Ɗansa na fari Manzo ne. Kamar kowane Bahaushe, Jatau bai taɓa kama sunansa ba, sai dai "wannan" ko "kai". Mairo kuwa ta fi shi alkunya, ko kallon yaron ba ta yi gaban mutane, in za ta ba shi fura sai ta aje ta yi gyaran murya. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: Manzo ya tashi gwanin rijiya, ya fi uban sauri. Amma fa akwai garaje. Tun yana tatata, in aka ce masa tukunya da zafi sai ya taɓa. Jatau ya san halinsa kamar yunwar cikinsa. Sau biyu yana kama shi ya zura ƙafa ba a gwada fitila ba, sau biyu yana ƙwace igiya.

A bazarar da ta wuce wasu makiyaya suka zo daga wajen Gidan Amumune. Rijiyarsu ta ƙafe, dabbobi na faɗuwa, suna so a buɗe wata tsohuwar rijiya da ta shekara uku a rufe. Jatau na kwance, zazzaɓi ya kayar da shi. Igiyar aiki tana ƙarƙashin gadonsa, ba mai taɓa ta sai da izininsa. Manzo ya durƙusa bakin ƙofa, ya ce, "Baba, shekarata ashirin da bakwai. Har yaushe?"

Jatau ya daɗe yana kallon rufin ɗaki. Wallahi ya sani. Ba zato ba ne, sani ne. Amma ya ga in ya hana yau, gaban baƙi, ya gama karya yaron. Ya jawo igiyar ya miƙa, ya ce, "Kai, fitila tukuna. Ka ji ko?"

"Na ji, Baba."

Da azahar wani ɗan kabu-kabu ya tsaya ƙofar gida bai kashe mashin ba. Jatau ya fito yana dafa bango. Kafin mutumin ya buɗe baki, idonsa ya faɗa kan fitilar, tana nan rataye inda take kullum.

Ya ɗauke ta, ya hau bayan mashin ɗin da zazzaɓinsa. Mutane sun yi cirko-cirko bakin rijiya, ba wanda ya yarda ya shiga, kuma da gaskiyarsu. Ya kunna fitila ya zura, a zurfin gaba ashirin ta mutu. Ya san abin da ke ƙasa, ya san ba amsar da za ta hawo. Duk da haka ya kifa ciki a bakin rijiyar, ya ƙwala kira: "Manzo! Manzo, kana ina?" Ranar ce ta farko da sunan ya fito daga bakinsa. Aka yi ta jefa tabarma da ganyen bedi ana jawowa har iska ta sake, fitila ta kai ƙasa da ranta. Samari suka ce za su sauka, ya ce a'a. Shi ya sauka, shi ya ɗaure ɗansa a ƙirji aka jawo su tare.

Bayan an binne, Mairo ta yi masa magana guda, ita ce ta ƙarshe: "Ka sani. Ka san halinsa, ka ba shi igiya."

Lamine ya zo gaisuwa kwana bakwai a jere. Ya ce haka Allah ya rubuta, kuma bai sake tada tsohuwar gardamar ba, ko da wasa. Jatau ya gode masa, amma maganar ba ta shige shi ba. Shi da ya shekara talatin yana cewa mutum da ƙafarsa yake tafiya, yau ya ce an rubuta? Amsarsa ta dā kuma ta zama masa ƙaya. Ya buɗe littafinsa sau da yawa, ya rufe.

Wata Lahadi da hantsi, Mairo na tsince wake a tsakar gida, ya zo ya zauna kan tabarma gefenta. Bai dube ta ba.

"Mairo, ba ni da amsa. Na nema, ban samu ba. Abu guda na gani. Bayan Adamu ya ci, Allah ya shigo gonar yana kiransa, yana tambayar inda yake. Dā ina karanta wurin da muryar alƙali. Ashe ya san inda yake. Ya sani, ya kira. Ni ma na sani, na kira."

Hannun Mairo ya tsaya cikin faifai. Can ta ce, da murya ƙasa-ƙasa, "Na ga fitilar."

Jatau ya ɗago kai.

"Ina bakin zaure sadda suka fita. Na gan shi ya dube ta, ya wuce. Na buɗe baki, ga baƙi tsaye, ga shi ɗan fari. Kunya ta kama ni, Jatau. Gyaran murya na yi. Bai ji ba, mashin ɗin da za su hau na ƙara."

Hawaye ya zubo cikin waken, ba ta share ba. Wata bakwai tana ɗauke da wannan ita kaɗai, tana jifansa da dutsen da ke danne mata ƙirji. Tausayinta ya kama shi. Ya matsa, ya ba ta wuri kan tabarmar.

"Kin taɓa kiransa?" ya tambaya.

Ta girgiza kai.

"Kira shi. Ba baƙo yau."

Kaji suka soma tsattsagar waken da ya zube. Sannan ta ce, "Manzo," a hankali, kamar mai tada yaro daga barci. Ta sake faɗa, da ƙarfi. Maƙwabta sun ji ta bayan danga, ba wanda ya leƙo.